Billen da Manhaja Ta Goge

Ku matso kusa ku saurara, don idan na kai ƙarshe ku za ku yi shari'a, ni nawa ba da labari ne kawai.

A Kano an yi wasu abokai uku, Lurwanu da Nafi'u da Sabi'u, waɗanda suka kama wani ɗan shago a bayan kasuwar waya suka ƙirƙiri manhajar gyara hoto da bidiyo, suka raɗa mata suna Ƙyalli. Nafi'u Bazazzage ne ke rubuta ta, Sabi'u ke zana kamanninta da launukanta, Lurwanu kuwa ƙafa da baki gare shi, shi ke yawon tallata ta. Da farko masu sayar da atamfa ne suka karɓe ta, sai 'yan matan amarya, sai masu ɗaukar bidiyon biki. Kafin a jima har Maraɗi da Yamai ana aiki da ita, suka bar shagon suka koma bene, suka ɗauki ma'aikata.

Cikin ma'aikatan akwai Ramlatu, mai amsa saƙonnin jama'a. Ramlatu ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta ba. Uwar ta rasu wajen haihuwarta a Gusau, hotunanta kuma ruwan wata damina ya cinye su lokacin da ɗaki ya rufta. Mahaifinta, Malam Isyaku, ya dawo da ita Kano tana jaririya, kuma tun tasowarta ba ta taɓa jin sunan uwar a bakinsa ba. In ta tambaya, sai ya ce, "Allah Ya ji ƙanta," ya ɗauki butarsa ya fita.

Ga shi aikinta kullum kallon uwayen mutane ne. Wannan ya turo tsohon hoto ya ce Ƙyalli ta dawo masa da Innarsa, waccan ta turo murya tana kuka tana godiya. Ramlatu takan amsa musu da fara'a, sannan ta tsaya gaban madubin ofis tana duban hancinta da goshinta, tana cire na Baba, ko za ta gane abin da ya rage na wa ne.

Abokan nan uku kowannensu yana sonta, kuma kowa ya san da na ɗan'uwansa. Da suka faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, amsa guda ta ba su: "Ku yi haƙuri. Ba na son in shiga lalle ban san fuskar da zan tuna ba in na yi kukan amarci."

Lurwanu ne ya fara motsawa. Wajen wata goggonta ya ji cewa iyayen sun taɓa ɗaukar hoto a wani shago a Gusau bayan aurensu. Ya je ya tarar shagon ya zama wurin sayar da taya, mai hoton ya daɗe da rasuwa. Ya bi ɗansa har Ƙauran Namoda, aka ce ya koma wani ƙauye, hanyar kuma ba kowa ke yarda ya bi ta ba. Ya bi. A can aka jawo masa wani akwatin ƙarfe cike da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya zauna a ƙasa yana ɗagawa ɗaya-ɗaya, ƙura na shaƙe shi, har ya ci karo da hoton wani saurayi mai kunnuwan Malam Isyaku, da mace zaune a gefensa. Sai dai danshi ya ci hoton, fuskar matar duk tabo da ƙarce.

"Ga surukata na kawo," in ji shi da ya ajiye hoton a teburin Nafi'u. "Saura mu ga ko Bazazzage ya iya wani abu ban da cika baki."

"Bakano da yawo," in ji Nafi'u. "Kawo nan, kafin ka sayar da shi."

Nafi'u ya gwada, Ƙyalli ta kasa, lalacewar ta fi ƙarfinta. A lokacin suna shirin fitar da sabon salo na bidiyo kafin Sallah, wanda wani kamfani ke tseren riga su. Nafi'u ya ture wannan gefe, ya bar abokan tseren suka wuce, ya zauna yana sake gina sashen gyaran tsofaffin hotuna daga tushe. Ya rame, idanunsa suka yi ja, uwarsa ta fara aiko masa da kunu ofis. Rannan da hantsi ya kira Ramlatu, ya danna, tabon ya janye kamar an ɗaga labule. Ga mace matashiya, fuska sumul, tana murmushi.

Ramlatu ba ta tsaya neman izini ba, ta ɗauki hoton a wayarta, ta hau adaidaita sai gida. Malam Isyaku ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Wannan dai ni ne," ya ce. "Amma wa kuka zaunar kusa da ni?"

"Baba, ita ce fa."

"Kyakkyawa ce, Allah Ya sani. Amma ba ta taɓa zama a gidana ba."

Ya miƙa mata wayar. Ramlatu ta ji kamar yau aka yi mata rasuwar.

Labari ya kai kunnen Sabi'u. Ya ɗauki asalin hoton ya yi ta dubansa a hasken taga. Cikin ƙarcen da ke fuskar akwai guda ɗaya da ya bambanta, ya taso daga gefen hanci ya gangaro kunci, ya kuma lanƙwasa yadda kuncin ya lanƙwasa. Ƙarcen takarda ba ya bin tudun fuska. Bille ne, tsagar da aka yi mata tun tana jaririya, manhajar ta ɗauka lalacewa ce ta share. Haka ɗan duhun da ke tsakanin haƙoranta, wushirya ce, manhajar ta cike ta.

Amma sanin haka bai isa ba, don danshi ya cinye rabin billen, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san inda ya ƙare. Sabi'u ya fara zuwa wajen Malam Isyaku bayan la'asar. Ba ya tambayarsa komai. Yakan gaishe shi, ya zauna a gefen tabarma da allon zanensa, ya yi ta ja yana gogewa. Tsohon ya yi kamar bai gani ba, har ranar da ya kasa daurewa.

"Kai ɗan nan, wa ya koya maka zane? Ba nan ya tsaya ba. Sauko ƙasa kaɗan."

Sabi'u ya sauko.

"Ka yi yawa. Kuma ba fara ba ce haka, wa ya shafa mata hoda? Mayar mata da launinta."

Da yatsan tsohon da alƙalamin Sabi'u aka gama. Ramlatu na tsaye a bakin zaure da kwanon ruwa lokacin da mahaifinta ya riƙe allon da hannu biyu ya ce, "Tasallah." Ya sake faɗa a hankali. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin ga dariyar nan? Akuya ce ta shigo shagon, mai hoto ya bi ta da hula. Zo ki zauna, Ramlatu, ki ga uwarki."

Ta zauna. Goshin nata ne, da yadda leɓe ke karkata in za a yi dariya. Har aka kira magariba tsohon yana magana, ita tana kallo.

Daga baya suka koya wa Ƙyalli ta bar tsaga da wushirya inda ta gan su, mutanen Gobir da Katsina da Borno suka yi ta fito da hotunan kakanninsu daga ƙasan adaka, kamfanin ya ƙara girma. Amma wannan ba shi ya hana Ramlatu sukuni ba. A mako guda manyan Lurwanu da na Nafi'u da na Sabi'u suka zo gaisuwa. Malam Isyaku ya ce mata, "Ni na zaɓi tawa da kaina, ba zan zaɓa miki ba."

In ta tuna Lurwanu, sai ta ga hanyar da ya sa ransa a kai, da ba don shi ba hoton na can cikin akwati yana ruɓewa. In ta tuna Nafi'u, sai ta ga abin da ya bari ya wuce shi, kuma da bai ɗaga tabon ba babu fuskar da za a yi wa gyara. Sabi'u kuwa bai yi tafiya ba, bai rasa komai ba, zama kawai ya yi a tabarma, amma a zaman nan ne ta fara jin sunan uwarta a bakin ubanta.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikin ukun nan ya dawo wa Ramlatu da uwarta, har ya cancanci ta ce masa ya turo?