Shamuwa da Katangar Sarkin Rini

A garin Tsaunin Gamji an yi wani sarkin masu rini, sunansa Mantau. Da kasuwa ta juya masa baya, mata suka koma sayen zannuwan garin Ƙetare waɗanda launinsu ba ya zuba, sai ya ce ai asirinsa aka sace. Ya sa aka zagaye marina da katanga, ya hana mutanensa ko gaisawa da baƙo. Ciniki ya ƙara mutuwa, masu rini suka fara sayar da awakinsu.

Akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka kan kukar marinar duk damina. Ta leƙo ta ce, "Ranka ya daɗe, me ake ɓoyewa a nan?"

Ya ce, "Asirin kakanni."

Ta ce, "Wanda ke zuba a wankin farko? In ka yi izini, in ba ka labarin Hajiya Tabawa mai sabulu."

Ya murtuke fuska, ya ce, "Faɗi."

Shamuwa ta ce, a wani gari da na taɓa yin sheƙa, Hajiya Tabawa ce gwanar sabulu. Ɗaki take kullewa ta yi haɗi, ko 'ya'yanta ba su san awon tokarta ba. Sai ga wata Kande ta fara sana'ar. Ita Kande bakin rafi take zuwa ta tambayi masu wanki, "Ina laifin sabuluna?" Su faɗa, ta gwada a ƙaramar tukunya, abin da ya yi ta riƙe, wanda bai yi ba ta zubar. Ta koya wa mai turare yadda ake daskarar da mai, shi kuma ya koya mata yadda ƙamshi ke zama. Kan a ankara, kasuwa ta koma wurinta.

Tabawa ta fara da cewa sammu aka yi mata. Da boka ya cinye rabin jarinta, sai ta ce, "Ashe shawara ce sirrin? Ni ma ina da baki." Ta dafa shinkafa, ta tara mutanen gari, ta ce kowa ya kawo dabara. Wanda ya ci shinkafarka kuwa ba ya rasa shawara. Wannan ya ce a sa gawayi, wancan ya ce zuma, wani ya ce barkono na kashe ƙaiƙayi. Ta ce duk za a zuba.

Wanta Malam Nomau ya ja ta gefe ya ce, "Tabawa, kin san abin da ya sami Gagare masassaƙin jirgi?"

Ta ce, "Yaya, ban sani ba."

Ya ce, "Gagare mutum ne mai kunyar jama'a. Yana sassaƙa jirgi a bakin kogi, duk wanda ya wuce sai ya yi magana, shi kuma ya aikata. Wani ya ce a yi rumfa, ya yi. Wani ya ce a ɗora turmi saboda mata, ya ɗora. Sai wani mai babbar riga, wanda bai taɓa taka ruwa ba, ya ce, 'A huda ƙasansa, in ruwa ya shiga ya sami hanyar fita.' Gagare ya ga girman rigar, ya huda. Ranar gwaji jirgi ya nutse da shi, da ƙyar masunta suka tsamo shi. Masu shawara na tsaye a tudu suna cewa, 'Da ma mun ga alama.' Mai shawara a gaɓa yake tsayawa, Tabawa, mai jirgi ke shan ruwa."

Ta ce, "Yaya, ni sabulu nake yi, ba jirgi ba." Ta zuba komai a tukunya ɗaya. Waɗanda suka yi wanka da sabulun suka wuni suna tsalle, waɗanda suka ci shinkafarta su ne suka fara kai ƙara.

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Ka gani, ranka ya daɗe. Tabawa ta kulle ƙofa ta shaƙe, ta cire ƙofa iska ta kwashe ta. Kande kuwa ƙofa gare ta, da rariya, da hannun bayarwa. Kai kana matakin farko na wautar Tabawa, na ji tsoron kada ka zarce na biyu."

Mantau ya ce, "Mutanen Ƙetare za su koya mana a banza ne?"

Ta ce, "Na bi ta kansu. Launinsu na zama, amma zanensu ba ya sheƙi, don ba su iya bugu ba. Ku kun iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Sarki ya kira manyan masu rini, ya ce a fasa ƙofa a katanga, a tafi Ƙetare da mabuga, abin da aka koyo a fara gwada shi a rijiyar rini ɗaya tukuna. Sannan ya ɗaga kai ya dubi shamuwa ya ce, "Na karɓi maganarki. Ashe abin da nake ta gadi, ɓarawo ma ba ya so."