Buhu a Ƙofar Korau Baduku

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake rufe ƙofar ganuwa da magariba. Sunansa Korau, baduku ne. Ku matso kusa, jama'a, muryata ba ta kai ta da ba, kuma yau a tsaye na yini. Wanda barci ya sace a ƙyale shi, amma na kusa da shi ya riƙe masa labarin, don har da shi nake.

Wannan bawan Allah ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Kube yake ɗinkawa, da takalmi, da gafaka, da burgami, jakar nan ta fatar akuya. Daga shi sai matarsa Yalwa, don 'ya'yansu mata ne, aure ya kai su nesa.

Wata rana da rani mafarauta suka dawo daga daji, ana kiɗa ana kirari. Da suka wuce, sai Korau ya ga kare kwance a bakin ƙofar gari, gyado, aladen daji, ya farke masa ciki. Mai shi ya jawo shi har nan, ya ga ba zai ƙara moruwa ba, sai ya kwance igiyarsa ya yi gaba. Ku ji fa. Igiyar ya ɗauka, karen ya bari.

Korau ya tsaya ya dube shi, karen ma ya dube shi. Sai ya ce, "To, ni dai fata nake ɗinkawa. Wannan ma ai fata ce."

Ya naɗe shi a tsohuwar tabarma ya kai gida. Ya wanke raunin da ruwan ɗumi, ya ɗauko basillarsa ya ɗinke, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya shafa man kaɗanya. Karen ya cije shi a hannu yana cikin aikin, bai fasa ba. Da ya gama ya wanke jikinsa ya tafi salla. Cikin ikon Allah kare ya tashi, yana ɗingishi amma ya tashi. Ya tare a bayan gidan, ya ƙi zuwa ko'ina.

To ku saurara, nan ne labarin ya fara.

A garin nan, kamar a namu, ba mai son ya kashe kyanwa da hannunsa. Tsoro ake ji. In ta haihu a rumbu ta dami gida da kuka, sai a zuba 'ya'yan a buhu, a ɗaure baki, a kai bayan gari can nesa a ajiye, a juyo ba waiwaye. Wai ba mu kashe ba. Wai mun bar wa Allah. Haka ake yi wa kwikwiyon da ba a so, haka ake yi wa karen da ya tsufa.

Da labarin Korau ya bazu, sai mutane suka ga an rage musu tafiya. Me zai kai ka bayan gari alhali ga ƙofar baduku nan kusa? Gari na wayewa sai Korau ya tarar da buhu a bakin zaure yana motsi. Ya kwance. Bayan kwana biyu ga wani. Ya kwance. Yau kyanwa mai ciwon ido, gobe kare mai ƙazuwa, jibi wanda yara suka karya wa ƙafa da jifa. Ya kewaye bayan gidansa da zana, ya jera kasake na ruwa. Yana bin gida-gida yana roƙon ƙanzo, shi da bai taɓa roƙon kowa komai don cikinsa ba. Rabin yininsa ya koma cire kaska da matse gyambo, ɗinki ya koma ɗan abin da ya samu.

Kuna tsammani mutanen gari sun tsane shi? Sun ce mai wasa da karnuka, kada ya shiga sahunmu? A'a. Da ma haka suka yi, da ya san inda ya tsaya. Sonsa suke. Yabonsa suke. In ya wuce majalisa sai ka ji, "Ga ɗan Aljanna nan!" In an yi baƙo a gari, har ƙofarsa ake kai shi a nuna masa. "Sannu da ƙoƙari, Baba Korau. Allah ya ba da lada." Allah ya ba da lada da safe, Allah ya ba da lada da yamma. Amma wanda zai ce kawo tulun in ɗebo maka ruwan yau, babu.

Wanda ya fi kowa zaƙin baki shi ne maƙwabcinsa Mantau, mahauci. Mutum ne mai fara'a, ba mugu ba. Ku riƙe wannan, don ba na so ku tashi kuna cewa ai mugu ne, ba irinmu ba. Irinmu ne sak.

Shekaru suka tura. Idon Korau ya yi rauni, sai Yalwa ta zura masa zare. Gwiwa ta fara ƙi. Rijiyar da a da yake zuwa yana waƙa, yanzu sai ya huta a hanya. Wata rana ya dawo da tulu, ya sauke, ya daɗe dafe da bango yana haki.

Yalwa ta ce, "Malam, ka dubi kanka. Ni ban hana ka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma ran da ka kasa tashi, wa zai ba su? Ni ce zan je rijiya sau nawa?"

Ya ce, "Abin da ke hana ni sukuni ke nan, Yalwa. Ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona in tafi in bar su suna kallon kasko."

Ta ce, "To ka fita ka faɗa wa masu yabon naka."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ba dukiya ya nema ba. Cewa ya yi kowane gida ya karɓi rai ɗaya. Ɗaya tak. Wanda yake da rumbu ya ɗauki kyanwa ta tsare masa ɓera, wanda yake da garke ya ɗauki kare.

Gidan farko aka ce, "Haba Baba, wa zai raba ka da ladanka?" Gida na gaba aka ce uwargida ba ta son gashin kyanwa. Wani ya ce bari a gama girbi. Wani ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'a doguwa, har da hawaye, sannan ya raka shi bakin hanya. Da ya zo wurin Mantau, sai Mantau ya dafa ƙirji.

"Baba, ai wannan aikin baiwa ce. Kai Allah ya zaɓa. Mu ina muka ga wannan zuciya? In na karɓa ma zaluntarsu zan yi."

Korau ya ce, "To ko ƙasusuwan da kake zubarwa, ka riƙa turo mini."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Gobe in Allah ya yarda."

Kun san goben nan. Duk mun san ta. Ni kaina an sha yi mini ita a kan tabarmin masallacin nan.

Korau ya koma gida hannu wofi. Da gari ya waye ya buɗe zaure, sai ga wani abu a bakin ƙofa yana motsi. Wannan karon ba buhu ba ne, tsohon burgami ne da ya yage a gindi, an ɗaure bakinsa da igiyar rama. Ya sunkuya ya shafa. Ido ya tafi, amma yatsa bai manta ba. Ɗinkinsa ne. Shi ya yi wa Mantau burgamin nan da hannunsa, shekarun baya.

Jama'a, ku sa kanku a wurinsa. Jiya-jiya ka je ka zubar da girmanka ka ce na gaji, a taimake ni. Yau mutumin da ya ce kai Allah ya zaɓa ya ƙaro maka.

Korau ya miƙe. Ya ce, "Wallahi na gaji." Ya koma ciki ya turo ƙofa. Ya zauna a kan buzunsa ya haɗa kai da gwiwa. Kukan abin da ke cikin burgamin yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, siriri, kamar na jinjiri.

Ba zan ɓoye muku ba, ya daɗe a zaune. Kuma da ya tashi, ba da murmushi ya tashi ba. Yana share hawaye ya buɗe ƙofa, yana cewa, "Ku ba ku yi mini komai ba. Ku ba ku san ma wa ya kawo ku ba." 'Yan kyanwa ne, ko ido ba su buɗe ba. Ya jiƙa tsumma a madarar akuya ya riƙa ɗiga musu.

Burgamin fa? Ya wanke shi, ya shafe shi da mai, ya sa Yalwa ta zura masa zare, ya lalubi yagewar ya ɗinke ta tsaf. Da hantsi ya dogara sanda har rumfar Mantau, mutane cike ana cinikin nama. Ya miƙa masa.

"Ga jakarka, Mantau. Na ga ta yage ne. Yanzu za ta ɗauki kaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ɗaga murya ba, ba wanda ya gane komai a wurin sai su biyu. Mantau ya karɓa, ya yi maza ya ɓoye burgamin. Amma kada ku ce ya shiryu nan take. Kunya ce ta kama shi, kuma kunya sai ta sa ya daina bin ta ƙofar Korau gaba ɗaya. Ƙashin ma bai aiko ba.

Ba a jima ba Korau ya faɗi a hanyar rijiya, tulu ya fashe, aka ɗauko shi ranga-ranga. Gari ya yi ta zuwa dubiya. Kowa ya zo sai ya hango kasaken nan a bushe ta kan zana, dabbobi kwance kewaye da su suna zaro harshe, ya shiga zaure ya ce, "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne." Yalwa ita kaɗai ke jan ƙafa zuwa rijiya, abin da ta ɗebo ba ya kai ko'ina.

Korau ya riƙa ce wa masu dubiya, "Na gode da gaisuwa. Amma don Allah wanda zai fita ya zuba musu ruwa."

Sai su ce, "Allahu akbar! Ku ji bawan Allah, yana kwance ma tunaninsu yake." Su fita suna jinjina maganar, su tafi gida su ba iyalinsu labari.

Ya rasu ranar wata Alhamis. Garin bai taɓa ganin jana'iza mai jama'a irin tasa ba. Aka yi ta faɗin alherinsa har aka gaji. Dabbobin kuwa, ba zan yi muku ƙarya don ku ji daɗi ba: yunwa ta watsa su. Wasu suka shiga daji, wasu aka tsince su a bayan ganuwa. Abin da ya ji tsoro, shi ya faru.

Bayan an share makoki, wata safiya Mantau ya biyo ta ƙofar gidan, burgamin nan rataye a kafaɗarsa, don yanzu wanda yake jin kunyar haɗa ido da shi ba ya nan. Sai ya ga buhu a bakin zaure yana motsi. Wani ne ya kawo. Hannu ya saba, ƙafa ta san hanya, ko tunawa bai yi ba cewa mai gidan yana kabari.

Mantau ya ce, "Kai! Wane marar tsoron Allah ne ya..." Sai ya dubi buhun, ya dubi abin da ke kafaɗarsa.

Yalwa tana takaba, ba ta fita. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Wane ne a nan?"

"Ni ne, Inna. Mantau. An ajiye buhu."

Ta ce, "Na ji kukansu tun ɗazu. Mai kwancewa ya tafi, Mantau."

Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ko zai ga wanda zai ce wa Allah ya ba da lada. Ba kowa a hanyar sai shi. Ya durƙusa ya kwance igiyar. Ya kwashe su ya zuba a burgamin da Korau ya ɗinke masa, ya tafi da su gida. Jakar kuwa ta ɗauki kayan.

Ban ce muku ya zama Korau ba. Buhu ɗaya ya ɗauka. Kuma abin da tsohon nan ya roƙa ke nan tun yana da rai, aka hana shi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Yabo ba taimako ba ne. Sau da yawa muna yabon mutumin kirki ne don mu ɗora masa namu kayan mu tafi da hannu sake. Dabbar da ke gidanka amana ce a wuyanka, ba a wuyan mai tausayin unguwa ba. Karen da ka ɗaure a rana yana yi maka gadi, kyanwar da ta haihu a bayan ɗakinka, kai za a tambaya. Kuma ba dabba kaɗai ba. A kowane gida a nan akwai Korau. Akwai wadda aka bar wa jinyar tsohuwa ita kaɗai, ana ce mata ai ke ce mai haƙuri. Akwai wanda kullum shi ke wanke bayin masallacin nan, kuna wucewa kuna sa masa albarka. Sun gaji. Ba sa faɗa ne kawai, ko kuwa sun faɗa kun ce Allahu akbar.

Ni ma na gaji, bari in tsaya nan. Akwai fasasshen kasko a bayan masallacin nan, inda kyanwoyi ke taruwa. Da zan shigo na gan shi a bushe. Kada kowa ya zo ya ce mini wa'azi ya yi daɗi. Ga buta nan a bakin ƙofa.

Allah ya jiƙan masu kwance buhu, ya sa mu kama musu tun suna da rai.