Ranar da Dila Ya Shiga Gaba

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta."

"Ta zo mu ji ta, Kawu Ɗanliti."

Kafin in fara, ku dube ni da kyau. Shekara hamsin, bakin nan bai taɓa yabon kowa don loma ba.

An yi wani zamani mai daɗi da fadar Zaki take gindin wata tsamiya. Kowa ya zo ya faɗi gaskiyarsa, a raba nama daidai. Ko Kunkuru yakan ce wa Zaki ya yi kuskure, a yi dariya a watse. Allah sarki, wancan zamani.

Sai aka yi fari, nama ya yi wuya. Dila na can baya, rabonsa ƙashi, ga 'ya'ya bakwai a rami suna kukan yunwa.

Ran nan Zaki ya yi atishawa. Dila ya zube ya ce, "Ranka ya daɗe, ai aradu ma a wurinka ta koya." Zaki ya ji daɗi, ya jefa masa cinya.

Kashegari Zaki ya yi tuntuɓe. Dila ya ce ƙasa ce ta taso gaisuwa. Aka jefa masa cinya. Kunkuru ya ce shi dai dutse ya gani. Aka kore shi.

Damina ta faɗi, kogi ya kawo, namun dawa duk suna tsallake. Dila ya ce ai kogi bawan Zaki ne, da jin sunansa zai dare biyu.

Zaki ya ce, "Madalla. Shiga gaba, ka gaya masa na iso."

Dila ya dubi ruwa, ya dubi haƙoran Zaki. Ya shiga. Kogi kuwa bai san sarki ba. Ya yi ta wulwula shi, sai gari uku gaba ya tofar da shi cikin ƙaya. Da rarrafe ya koma wurin 'ya'yansa.

Abin nan da Dila ya fara a fada, shi aka sa wa suna fadanci: yabon da ciki ke yi, zuciya ba ta sani ba. Mai yin sa, wata rana za a ce masa ya shiga gaba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

"Ai ka yi ta, Ɗanliti," in ji yayarsa Goggo Tabawa daga bakin murhu. "Ɗazu wa ya ce miyata ta fi ta gidan sarki, alhali na manta gishiri? Ga ƙanzon nan. Zo karɓi cinyarka, Dila."