Sunaye Bakwai a Gadar Tsalha

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don wasunku na da dangi a can. Tsalha ake ce masa. In ka gan shi a sahun sallah ba za ka sake waiwayarsa ba: ɗan siriri, ga tabarau mai kauri, ga tsohon babur da sai an tura yake tashi. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Dattawa, kada ku ce wannan zancen yara ne ku fara gyangyaɗi. Ku saurara. Labarin amana ne, amana kuwa ba ta tsufa.

Masu wannan sana'a a garin kayan aikinsu biyu ne. Na farko, manhajar da suke zama a cikinta su yi rubutun, kamar yadda tela ke zama gaban kekensa. Wannan ta wani kamfani ce na garin, a kulle take, ka biya ka yi aiki da ita amma ba ka isa ka leƙa cikinta ba. Na biyu, manhajar adana tarihin aiki. Ita kuwa ta kowa ce. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina ta, suka bar ta a buɗe, mai so ya ɗauka, ya duba, ya gyara. Aikinta shi ne duk layin da aka canza sai ta rubuta wanda ya canza, da ranar, da dalili. Da ita mutum goma sai su haɗu a kan aiki ɗaya ba wanda ya taka ƙafar wani.

To, sai dai waɗannan biyun ba sa ga maciji. Ta kamfani ba ta jin yaren ta jama'a. Sai ka ga mutane na yawo da aiki a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wannan fayil an sa masa "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe na gaske". Wata rana a gaban idon Tsalha wani magidanci ya ɗora tsohon fayil a kan sabo, aikin wata uku da ya yi wa wani ƙaramin asibiti ya tafi. Babban mutum da gemu, ya kifa kai a tebur yana hawaye.

Shi Tsalha ƙaramin ma'aikaci ne a wannan kamfani. Washegari ya shiga ofishin manaja, wani Alhaji Nafi'u, ya rusuna ya gaishe shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'yar ƙofar nan da kamfani ya bari a jikin manhajarmu don masu son haɗa wani abu da ita. Ina so in gina gada daga nan zuwa manhajar tarihi, wato 'yar manhajar da za ta sa su ji yaren juna. A ranakun hutuna zan yi, kuma in bar ta a buɗe ga kowa."

Alhaji ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kai dai Tsalha ba ka gajiya da aikin banza. Je ka yi, ba ruwan kamfani."

Ya je ya yi. Asabar da Lahadi, Asabar da Lahadi, har wata bakwai. Da gadar ta fara tsayawa da ƙafarta sai ya ɗora ta a intanet, ya rubuta sharaɗi guda a goshinta: duk wanda ya ɗauka ya bar ta a buɗe yadda ya same ta, kuma kada ya cire sunan kowa. A kan wannan sharaɗi mutane suka shigo. Wata malamar sakandare a wani gari mai nisa, Malama Luba, ta lura cewa baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, in sun haye gadar sai su rikiɗe su zama tarkace. Ta zauna ta gyara. Wani makaho, Malam Ɗan'asabe, wanda kwamfuta ke yi wa karatu da murya, ya gyara ta yadda makafi ma za su iya aiki da ita. Haka dai, har suka zama su bakwai da Tsalha. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Amma makullin babbar ma'ajiyar aikin a hannunsa suka bar shi, don sun yarda da shi.

Jama'a, aikin banza ya zama abin so. Mutane suka riƙa sayen manhajar kamfani saboda gadar nan. Bayan shekara uku wasu manyan 'yan kasuwa daga waje suka zo za su sayi kamfanin ɗungurungum, kuma abin da suka fara tambaya shi ne gadar. Sai ga Alhaji Nafi'u ya aika a kira Tsalha. Ran nan har kujera aka ja masa, har lemo aka kawo.

Alhaji ya ce, "Malam Tsalha, ka yi ƙoƙari. Daga wata mai zuwa kai ne shugaban sashe, da mota. Kujerar Makka ta bana ma na sa sunanka. Abu uku kawai nake so. Ka sauke gadar daga intanet. Ka goge tarihinta, ta tashi da sunan kamfani kaɗai. Sannan ka sa hannu a takardar nan cewa kai ɗaya ka rubuta ta, a lokacin aiki."

Ku saurara da kyau. Tsalha mutum ne, ba dutse ba. Da ya ji Makka sai da ransa ya biya, don ya daɗe yana roƙon Allah wannan. Ya dubi takardar, ya karanta ta har sau biyu, ya mayar a hankali ya ajiye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Abin da hannuna ya rubuta, in kamfani na so, ya yi aiki da shi, ban hana ba. Amma mu bakwai ne. Ba zan ce ni kaɗai ba ne."

"Su wa? Wata malamar makaranta da wani makaho? Wa ya san su?"

"Ni na san su."

"Sun biya ka ne? Sun taɓa ba ka ko kwabo?"

"Sun ba ni abin da ya fi kwabo. Sun ba ni aikinsu a kan maganata. Kuma kai da bakinka ka ce in je in yi, ba ruwan kamfani."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Ina takardar da na rubuta haka?"

Tsalha ya ce, "Babu. Amma an yi."

"To, ka je ka yi tunani zuwa Litinin. In ba sa hannu, ba aiki. Kuma ka shirya haɗuwa da lauyoyinmu."

Tsalha ya koma gida. A gidan nan akwai matarsa Barira, da 'ya'ya huɗu, da mahaifiyarsa mai ciwon suga wadda a asibitin kamfani ake duba ta. Bayan la'asar Barira na tsince shinkafa a tsakar gida, ya zauna ya kwashe komai ya faɗa mata. Ta ajiye faifan shinkafar a gefe.

Can ta ce, "Baban Hindatu, maganin Inna fa? Mutanen nan ko ganinsu ba ka taɓa yi ba. In ka goge, sai yaushe ma za su sani?"

Ya ce, "Shi ya sa, Barira. Da suna nan da sun tsaya wa kansu. Ba sa nan, ni suka bar wa. In na cinye musu don ba sa gani, da ni da mai tauye wa makaho mudu duk ɗaya ne. Sannan in ɗauki wannan in tafi da shi Ɗakin Allah, in ce me?"

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Ni dai tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma in za ka ƙi, ka ƙi sosai. Kada ka je kana in-ina a gabansa."

Ranar Litinin bai yi in-ina ba. Ya shiga, ya yi gaisuwa kamar kullum, ya ajiye katin aikinsa a tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin naka ne, ga shi. Sunayen ba nawa ba ne balle in ba ka. Shaidar zur kuwa, ko a takarda ko a baki, ba na yi." Ya juya ya fita. Abokan aikinsa suka sunkuyar da kai, ba wanda ya raka shi ko bakin ƙofa. Wani ma ya ce a bayansa, "Talaka da girman kai."

Kada ku zaci da ya fita sama ta buɗe aka zubo masa zinariya. A'a. Wahala ya sha. Takardar lauya ta zo har gida. Babur ya tafi a maganin Inna. Ya kama 'yar rumfa a kasuwar 'yan waya yana gyaran kwamfutoci, wata rana a samu, wata rana a tashi haka nan. Kamfani kuwa ya sa wani ma'aikaci ya kwafi gadar, ya kankare sunayen, aka liƙa mata tambarin kamfani. Suka toshe 'yar ƙofar nan, gadar jama'a ta daina aiki. Tsalha ya rubuta wa mutum shidan nan wasiƙa, ya gaya musu abin da ya faru tiryan-tiryan, ba zagi ba ƙari. Amma bai sauke gadar daga intanet ba. Ya bar ta nan da tarihinta cif, kowane layi da sunan mai shi.

Su kuwa masu sayen kamfani ba a gaggauce suke sayayya ba. Suka turo masu bincike su tantance asalin kowane abu. Masu binciken suka ɗora gadar kamfani kusa da ta jama'a, suka ga layi da layi ɗaya ne. Har 'yan bayanan da Malama Luba ta rubuta da Hausa a gefen gyaranta suna nan, mai kankarewar ya manta da su. Ciniki ya tsaya cak.

Wata ranar Laraba da hantsi, Tsalha na duƙe a kan wata kwamfuta da ya buɗe cikinta, sai ya ga takalma masu sheƙi a bakin rumfa. Alhaji Nafi'u ne. Tsalha ya miƙe, ya kakkaɓe masa benci, ya aika aka kawo ruwa mai sanyi.

Alhaji ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Layi biyu kawai za ka rubuta, cewa mutanen nan sun yafe wa kamfani haƙƙinsu tun tuni. In janye lauyoyi, ka dawo aikinka gobe."

Tsalha ya ce, "Sun yafe?"

"Ai in ka ce sun yafe, sun yafe."

"Ranka ya daɗe, lokacin da nake da abin da zan rasa ban yi ba, sai yanzu? Ga adireshinsu, ka tambaye su da kanka. Ko kuwa ka bi hanya mai sauƙi: ka mayar da sunayen, ka bar ta a buɗe yadda sharaɗi ya ce, ka buɗe ƙofar da ka toshe. In ka yi haka, ni zan gyara abin da ya lalace, ba sai ka biya ni ba."

Alhaji ya tashi bai sha ruwan ba. Amma bayan mako uku sunaye bakwai suka koma mazauninsu, ƙofa ta buɗe, don masu saye sun ce in ba haka ba sun fasa. Ba wanda ya ba Tsalha haƙuri. Ba wanda ya mayar da shi aiki. Asabar ta zagayo, ya zauna ya gyara gadar kamar yadda ya yi alkawari. Maƙwabcin rumfarsa ya ce, "Kai kuwa wane irin mutum ne, mutanen da suka kore ka kake yi wa aiki?" Ya ce, "Ai ba Alhaji ke hawa gadar ba. Mutane ne." A rumfar nan ya ci gaba da neman abincinsa, bai yi kuɗi ba, bai kuma roƙi kowa ba.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Haƙƙin wanda ba ya nan amana ce a wuyan wanda ke nan. Allah Ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, bai ce sai in suna kallo ba, bai ce sai in sun fi ƙarfinmu ba. Kai shugaban ofis da na ƙasa da kai ya yi aiki ka kai sama da sunanka, da kai nake. Kai maigidan shago da ma'aikatanka suka yi ɗinki ka ce hannunka ne, da kai nake. Kai ɗalibi mai kwafe binciken wani, kai ma ba ka tsira ba. Kuma ku da ake miƙo wa takarda a ce sa hannu kawai, ba wanda zai sani: hannun naka ne, kai za a tambaya. Wanda ya miƙo maka biron ba zai tsaya maka ba.

Za a ce maka kana da iyali. Tsalha ma yana da su. Za a ce maka kai wa, a cikin manya? Ka ce ni ba kowa ba ne, amma wannan ba zan yi ba. Ka faɗa da ladabi, ka faɗa ba zagi, ka faɗa ko muryarka na rawa, sannan ka tsaya a kai. Mai ba ka aiki yana iya karɓe aikinsa. Arzikinka ba a aljihunsa yake ba.

Allah Ya ba mu ƙarfin cewa a'a a ranar da a'a ke da tsada, Ya sa mu bar duniya ba da haƙƙin kowa a kanmu ba. Ku ce amin.