Sunan Wa Za a Sa wa Rijiyar Kwarin Gawo

Ke Tabawa, da wane bakin kike tambayata labari, ga tukunyar tuwo can ko jiƙa ta ba ki yi ba? Kun mai da ni rediyo, a murɗa in yi magana. Kai kuma Ɗanjummai, sauke ƙafarka daga kan buhun gerona. Tun la'asar nake jin ku kuna musun wa ya fi wahala a ɗibar ruwa. To bari in ba ku abin musu mai dalili. Ga ta nan tafe, wanda ya katse ni ta koma inda ta fito.

A Kwarin Gawo ruwa ya fi nama wuyar samu. Mata su fita da sassafe, ba sa dawowa daga kogi sai rana ta take, abin da za su kawo ɗin ma jajawur. Wata shekara sai wata ƙungiyar taimako ta zo daga birni da gasa. Kowane ƙauye ya ba da mutum uku. Za su cika goran duma da ruwan kogi, su haye da kwale-kwale, su hau kekuna su ratsa daji har gindin Dutsen Shaho, sannan su hau dutsen da ƙafa su juye ruwan a gaban alƙalai. Sharaɗin shi ne su ukun su isa tare, ruwan ma ya isa. Ƙauyen da ya riga kowa, a haƙa masa rijiyar burtsatse.

Kwarin Gawo ta ba da Korau masunci, da Nomau mai facin keke, da Jatau mai ɗibar zuma. Abokai ne tun suna yawo ba wando.

A tsakiyar kogi kwale-kwalensu ya daki wani kututture da ruwa ya ɓoye. Katako ya tsage, ruwa ya fara kwararowa ciki. Nomau da Jatau babu wanda ya iya iyo. Wannan ya kama salati, wancan ya rungume gora ya rufe ido. Korau ya tuɓe rigarsa ya cusa a tsagin, ya danne da diddige. Akwai ƙusa a wurin, ta shige masa nama, bai ɗaga ba. A haka, a karkace, ya ja filafili, ya bar hanyar kowa ya bi ta wata 'yar kafa cikin kainuwa wadda sai masunta suka sani, ya fitar da su gaci. Babu wanda ya gani sai balbelu.

A daji ƙayar aduwa ta fasa tayar keken Korau, tif ɗin cikin tayar ya yage yadda faci ba zai kama ba. Sauran ƙauyuka suka zo suna wucewa suna yi musu sannu da dariya. Nomau ya zare tif ɗin ya yar, ya cusa busasshiyar ciyawa cikin tayar tam, ya ɗaure da roba. Ya ba Korau lafiyayyen kekensa saboda ciwon diddige, shi ya hau mai ciyawar. Tuƙa shi kamar jan turmi ne cikin yashi. Da suka kai gindin dutse sun kamo waɗanda suka wuce su, amma cinyoyin Nomau sun saɓule, ko haɗa ƙafa ba ya iyawa. Shaidunsa wasu makiyaya ne da shanunsu.

A rabin dutse diddigen Korau ya kumbura suntum. Ya zame, goran da ke rataye a kafaɗarsa ya bugi dutse ya tsage, ruwa ya soma tsiyaya. Jatau ya ciro kakin zuma daga aljihu, ya tauna ya yi laushi, ya liƙe tsagin. Korau ya gwada takawa ya kasa. Jatau ya durƙusa ya goya shi, ya ce Nomau ya riƙe masa gefen riga, ya bi da su ta hanyar birai, wadda yake bi in zai je ramukan zuma. Su suka riga kowa, da ruwansu. A can sama kuwa duniya ce ta taru, ga makaɗa, ga masu ɗaukar hoto da waya.

Hoton da ya zaga gari shi ne na Jatau da Korau a goye. Korau yana zaune yana ɗinkin koma sai ya ji mata suna tsokanar matarsa Kande: "Kande, ki tanadi majanyi mai ƙwari, maigidanki ya ɗanɗana goyo!" Daga ranar, duk wanda ya ambaci Jatau a gabansa sai ya ji kamar an sake soka masa ƙusar nan.

Aka haƙa rijiya, ruwa ya fito garau. To a ƙasarsu ba a shan sabuwar rijiya sai an raɗa mata suna, sunan mutum ɗaya, shi ne kuma zai sha moɗar farko. Dagaci ya tara jama'a. Samari suka ɗauki ihu: "Rijiyar Jatau!"

Korau ya miƙe yana ɗingishi. "Ranka ya daɗe, da na ɗaga ƙafata a kogi, da zaman makokin mutanen nan ake yi yau, ba raɗin suna ba."

Nomau ya ce, "To da ka haye, da ƙafa ɗaya za ka ratsa dajin? Ni har yau a tsaye nake cin tuwo."

Jatau ya ce, "Ni ban ce komai ba. Amma bayana ya san nauyin wani, kuma na san wanda ya fasa gora."

Korau ya ce, "A garin ceton wa na ji ciwon da ya sa na zame?"

Wani ya ce a haɗa sunayen uku. Dattawa suka ce tun kakanninsu ba su taɓa jin rijiya mai suna uku ba, ba kuma a kansu za a fara ba. Dagaci ya sa kwaɗo ya kulle famfon, ya ce in sun daidaita su zo su karɓi mabuɗi.

Ba su daidaita ba. Korau ya daina bi ta ƙofar Jatau. Nomau in ya hango su sai ya duƙa kan taya. Kande kuwa kullum ta ɗauki tulu ta wuce ta gefen kullallen famfo ta nufi kogi. Ran nan ta dawo ta dire tulun a gaban mijinta ta ce, "Malam, ko sunan jaki ne a sa mata. Ni wuyana ya gaji." Korau ya dubi jan ruwan, ya dubi wuyanta, ya buɗe baki zai ce a bar wa Jatau. Sai ya tuna jikokinsa za su taso suna cewa an aike su Rijiyar Jatau, har abada. Ya rufe bakinsa.

Ƙattai uku da gemu, ga ruwa a kulle, mata na tafiya kogi. Da ni ce Kande, da taɓarya zan fasa kwaɗon, amma ba ni aka tambaya ba, ku ake tambaya. Wanda ya toshe jirgi da namansa, da wanda ya tuƙa keken ciyawa, da wanda ya liƙe gora ya goyi ƙato: sunan wane ne a cikinsu ya cancanci a sa wa rijiyar?

Kada wanda ya amsa mini yana hamma. Ku tashi ku kwanta. Wanda ya wayi gari ba shi da amsa, shi zai ɗebo mini ruwan gobe.