Haladu da Littafin Kurege

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah maɗinki, ana ce masa Haladu. Ba shi da komai sai keken ɗinkinsa da sunan kirki.

Wata rana matarsa Ladidi tana kakkaɓe tsohuwar adaka, sai ta ci karo da wani ɗan littafi, bangonsa duk ya yage. Labarin wani kurege ne da ya kwashe gyaɗar kurciya ya ɓoye. Haladu na ganinsa ya ajiye almakashi, ya zauna bakin ƙofa yana karantawa, yana dariya har da hawaye, kamar yadda yake yi yana ɗan shekara tara.

To, ku saurara, jama'a. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya ga an rubuta da fensir: "Littafin Jatau ne." Dariya ta tsaya. Ya tuna shi ne ya zare littafin daga jakar abokinsa Jatau a makaranta. Ya tuna bulalar da Jatau ya sha a hannun mahaifinsa saboda ɓatan littafin, shi kuwa ya yi gum.

Da ya faɗa wa Ladidi, sai ta ce, "Malam, shekara arba'in fa. Wa ya sani?"

Ya ce, "Ni na sani, Allah kuma ya sani."

Washegari ya kama hanyar ƙauyen su Jatau. Ya tarar da shi zaune a zaure, ido ya yi rauni. Bayan gaisuwa ya durƙusa, ya ɗora masa littafin a hannu, ya faɗi gaskiya duka, bai rage komai ba.

Jatau ya shafa bangon, ya shafa, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Ashe kai ne kuregen. Na yafe maka, duniya da lahira. Amma zauna ka karanta mini, don ban kai ƙarshensa ba ka ɗauke. Har yau ina so in san ko kurciyar nan ta samu gyaɗarta."

Haladu ya gyara zama ya karanta. Maƙwabta suka taru, aka damo fura, dattawan biyu suna dariya har aka kira la'asar.

'Yan'uwa, haƙƙin mutum yana nan a wuyanka komai ƙanƙantarsa, komai daɗewarsa. Kowannenmu ya san wanda ya zalunta ya yi shiru. Ka je ka same shi tun yana da rai, tun kana da ƙafar zuwa. Kunyar da kake tsoro ta ɗan lokaci ce, kuma sau da yawa za ka tarar ɗan'uwanka ya fi ka son a shirya. Allah ya ba mu ikon yi.