Littafin Da Aka Ɗinke Da Baƙin Zare

Akwai wani marubuci da 'yan gidansu ke kira Auta, don shi ne ƙaraminsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan ƙarami, sai babbar yayarsa ta bar makaranta ta riƙe shi. Tela ce, tana da ɗan shagon ɗinki a bakin titi. Da keken ɗinkin nan ta ciyar da shi, ta yi masa sutura, ta tsaya masa har ya gama karatu.

Allah ya ba Auta baiwar rubutu. Littafinsa na farko ya karɓu, aka fara kiransa gidajen rediyo, mutane na tare shi a ɗauki hoto. To, kun dai san halin ɗan Adam. Kai ya fara kumbura. Ya koma wani gari, zuwa gida ya zama sai an yi sa'a, waya ma Yaya ce ke kira.

Akwai kuma abin da ya riƙe a ransa. Ranar da littafin ya fito, ya kai mata kwafi ɗaya. A shafin farko ya rubuta da hannunsa: "Ga Yaya, wadda ta riƙe ni." Ya same ta tana tsakiyar aiki. Ta karɓa da bakin mayafinta, ta ce, "Allah ya sa albarka, Auta," ta ɗora shi a kan tarin yadi, ta ci gaba da taka keke.

Shi ke nan fa. Shi kuwa ya zo da tsammanin za ta yi kukan murna, ta kira maƙwabta su zo su gani. Ya fita bai ce komai ba, amma daga ranar ya yanke cewa Yaya ba ta san darajar abin da yake yi ba.

A unguwar da ya tashi akwai wani ƙaramin shagon littattafai, na wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Kowa Malama yake ce mata. Duk Asabar da yamma sai a ture teburin tsakiya gefe, a jera kujerun roba, a ɗora butar shayi. Direbobi, ma'aikatan jinya, ɗalibai, 'yan kasuwa, kowa ya zo. Sukan zaɓi littafi ɗaya su karanta, su yi ta musu a kansa kamar za su ba hammata iska, a ƙarshe kuma a rabu ana dariya. Wani lokaci sukan gayyato wanda ya rubuta shi.

Wata rana gayyata ta zo kan Auta. Ya amsa, amma ko Yaya bai sanar da cewa zai shigo gari ba.

Ya iso da wuri, ya tarar da Malama tana jera kujeru.

"Marubuci, sannu da hanya," in ji ta. "Ɗan zagaya ka ga shagon kafin mutane su taru."

Ya zagaya. Ga sababbin kwafin littafinsa an jera a kan tebur, suna ta ƙyalli. Ransa ya yi fari. Sai idonsa ya kai ga wata ƙaramar kanta can kusa da ƙofa, cike da tsofaffin littattafai, wasu bango ya koɗe, wasu an liƙe da salatif. A ransa ya ce waɗannan na gwanjo ne, waɗanda masu su suka gaji da su.

Yana shirin wucewa ya ga nasa a ciki.

Ya zaro shi. Bango ya yi laushi, gefuna sun nannaɗe, ga shatin kofin shayi a baya. Ya buɗe shafin farko, sai ga rubutun hannunsa: "Ga Yaya, wadda ta riƙe ni."

Jama'a, Malama tana nan gab da shi, tana goge kujera. Tambaya ɗaya ce da ta kashe maganar. Bai yi ba. Ya sha mur, ya cusa littafin a jakarsa, ya je ya zauna a kujerar baƙo.

Shago ya cika, har wasu na tsaye. An fara ke nan sai ga Yaya ta shigo a hankali, ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, da wata leda a cinyarta. Suka haɗa ido. Ta yi masa murmushi, ya kawar da kai.

Ya yi magana mai daɗi, don bakin akwai shi. Ya karanta wani yanki, aka tafa. Da aka zo wurin tambayoyi, wani direba ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a gida wa ya fi ƙarfafa maka gwiwa a harkar rubutun nan?"

Auta ya yi wata 'yar dariya. Ya buɗe jaka, ya ɗaga tsohon littafin sama kowa ya gani.

"A gida? Bari in nuna muku irin ƙarfafa gwiwar da nake samu a gida. Wannan kwafin yayata na ba, uwa ɗaya uba ɗaya, da rubutun hannuna a ciki. Yau na tsince shi a cikin tarkacen can na bakin ƙofa. Ko ajiye shi a ɗaki ba ta iya yi ba. Wanda bai san karatu ba, ko zinare ka rubuta masa, takarda yake gani."

Babu wanda ya tafa, babu wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka juya suna kallon kujerar ƙarshe.

Yaya ta miƙe. Ta ajiye ledar a kan kujera, ta gyara mayafinta, ta fita.

Malama ta cire tabarau, ta dubi Auta.

"Ɗana, ka gama?"

"Na gama."

"To, kantar nan da kake kira tarkace, babu littafin sayarwa ko ɗaya a cikinta. Kantar aro ce. A nan muna da ƙa'ida. Duk wanda zai shiga zaman Asabar, sai ya kawo littafin da ya fi ƙauna a duk abin da ya mallaka, ya ajiye a can, don wanda ba shi da halin saye ya ɗauka ya karanta. Ba wanda ya gaji da shi ba, wanda ya fi so. Ni kaina littafin da marigayi mijina ya ba ni yana can."

Auta ya sauke littafin da ya ɗaga, Malama ta ci gaba.

"Yayarka ta zo min da littafin nan a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce karatunta ya yi rauni, in taimaka mata da kalmomin da suka fi ƙarfinta. Muka bi shi layi-layi har ta sauke. Da za ta shiga cikinmu, na ce ta kawo wani, wannan na gida ne. Ta ce ba ta da wanda ya kai shi."

Malama ta juya ga jama'a. "Wa ya karanta wannan kwafin a cikinku?"

Hannuwa suka tashi, kusan rabin shagon. Har da direban da ya yi tambayar.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ni ma shi na ara. Kuma wallahi ita ta dame mu sai mun gayyato ka. Duk zama sai ta ce, 'Ku kira Autana, ku ji shi da bakinsa.' Har tsokanarta muke yi, muna ce mata Uwar Marubuci."

"Buɗe tsakiyarsa," in ji Malama.

Ya buɗe. Shafukan sun taɓa ɓallewa saboda yawan hannu, an kuma ɗinke su da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere. Ya san ɗinkin nan. Shi ne a gwiwar duk wandon makarantar da ya taɓa sawa.

Aka tashi taro babu wanda ya nemi ya sa masa hannu a littafi.

Ya ɗauki ledar da ta bari. Riga ce sabuwa dal, an goge, an ninke. Ya nufi shagon ɗinki, ya same ta a kan keke kamar kullum. Ya durƙusa a gefenta.

"Yaya, ki yafe min. Ban sani ba."

Ba ta ɗago ba. "Ba ka tambaya ba dai."

"Ranar da na kawo miki, ko buɗewa ba ki yi ba. Shi ya sa na ɗauka..."

"Hannuna duk man keke ne ranar. In buɗe in ɓata maka?" Ta tsayar da keken, ta dube shi. "Ni ban iya surutu ba, Auta. Ka fi kowa sani."

Hawaye suka zubo masa. Ta miƙa masa guntun yadi ya share.

"Na yafe maka. Ni na goya ka, ba zan riƙe ka a rai ba. Ka mayar musu da littafinsu, akwai wadda ke jiransa."

"Asabar mai zuwa zan zo mu tafi tare. A gabansu na yi, a gabansu zan ba ki haƙuri."

Ta girgiza kai. "A'a. Can ne kaɗai wurin da nake zuwa ba don aiki ba. Ina yin tuntuɓe a karatu, su jira ni, ba wanda ya taɓa nuna ya lura. Yau ka faɗa da ƙarfi. Ba zan iya sake buɗe baki a gabansu ba."

Ta ci gaba da taka keke.

Da ya gwada rigar a masauki, ta matse shi. Awon da take da shi tsoho ne, don ya daɗe bai tsaya a gabanta ta auna shi ba.

Ya mayar da littafin kan kantar aro. Ya dawo Asabar ɗin, ya ba jama'a haƙuri, suka karɓa. Malama ta je har shagon ɗinki ta roƙi Yaya ta dawo, ma'aikaciyar jinyar ma ta je. Yaya ta yi musu godiya, ta raka su bakin titi, amma ba ta sake taka shagon littattafan ba.

Yanzu Auta yana zuwa gida a kai a kai, suna hira kamar da. Littafin yana nan ana ara. Duk Asabar kuma Malama na ajiye kujera ɗaya kusa da ƙofa, in an tashi ta mayar da ita yadda take.

Darasi: Ba kowane mai ƙaunarka ne ya iya faɗa da baki ba, wani da aiki yake faɗa. Kafin ka yanke hukunci, tambayi. Kuma kada ɓacin rai ya sa ka kunyata naka a bainar jama'a, don zai iya yafe maka, amma abin da ka raba shi da shi ba zai dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai karanta ya kira yayarsa yau.